Addu'ar Ranar Asabar

Litinin

Dogona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ɗanta a ido ba. Ya karatu, ya zaman makaranta? Ina fata ciwon cikin nan da ka ce yana damunka ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kunne dai yana nan yadda ka san shi, na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Shi ya sa nake cewa ka daina wahalar da kanka da kiran waya, kai kana ihu can, ni ina "na'am?" nan, kati yana ƙarewa a banza. Takarda ta fi mana. Maƙwabcina Direba yana bi ta ƙofar makarantarku duk mako biyu, kuma ba ya karɓar komai, sai dai in ɗinke masa aljihu in ya yage.

Tabarau ya iso. Allah ya yi maka albarka. Ranar da na sa shi, sau ɗaya tak na zura zare a allura, har na waiwaya in ga ko akwai shaida. Da na buɗe Alƙur'ani kuwa, wasullan da suka daɗe suna ɓoye min duk suka fito suka tsaya a gurabensu. Ka ce kuɗin wani ɗan aiki ne da ka yi. To, madalla, amma kada aikin ya ci maka lokacin karatu.

Saƙonka na wancan karon, cewa in yi maka addu'a ranar Asabar da ƙarfe huɗu da rabi don akwai abu babba a gabanka, na cika shi. Na rufe keken ɗinki, na ture rigunan 'yan makaranta da ke jiran maɓalli. Ka san ba a nafila bayan la'asar, don haka carbi na ɗauka na zauna har rana ta yi ja. Ba ka faɗi darasin ba, amma na san jarrabawa ce, me ɗalibi yake da shi a gabansa in ba ita ba? Na ji daɗi da ka rubuta cewa abin ya yi kyau.

Babanka ya biyo ta nan ranar Juma'a da ya tashi daga gadi. Ƙafarsa ta kumbura, amma bakinsa bai rufu ba. Duk wanda ya shigo karɓar ɗinki sai ya gaya masa saura wata huɗu ɗansa ya gama jami'a. Har na ce, "Ƙanena, ka bar mutane su gwada kayansu." Ka daure, Dogo. Wata huɗu ne kawai, kuma tun rasuwar mahaifiyarka wannan ranar muke hange ni da shi.

Taka,
Gwaggo

*

Alhamis

Gwaggona ta kaina, shugabar masu maɓalli ta duniya,

Wa alaikumus salam. Ciki ya warke sarai, ruwan famfon ɗakunan kwana ne, na daina sha. Ki gaida Baba, ki ce ya riƙa ɗora ƙafar a kan benci. Ki gaida Direba, ki ce rubutuna ba rasit ba ne da zai riƙa cusa shi ƙarƙashin kujera.

Gwaggo, wallahi bakinki akwai wani abu a ciki. Na daɗe abubuwa ba sa tafiya min daidai, sai ranar nan da kika zauna. Komai ya faɗa inda na ce zai faɗa, kamar da hannu aka jera. 'Yan ɗakinmu har sun ce in ba su aronki. Wani ma cewa ya yi in tambaye ki ko kina karɓar sabbin 'ya'ya. Na ce Gwaggo ɗaya ce kuma an riga an kama.

Tunda Direba sai mako biyu, ga jerin gaba ɗaya don kada a samu giɓi:

Asabar mai zuwa, uku da rabi.
Lahadi, biyu da rabi, da kuma biyar.
Asabar ta sama, huɗu da rabi.
Lahadi, biyar.
Asabar ta uku, uku da rabi. Wannan ita ce babba, ki ba ta ƙarfi.

Ki fara kamar minti goma kafin lokacin, kuma don Allah kada ki tashi sai an yi awa biyu. Ki zauna a inda kika zauna wancan karon, da carbin nan dai, kada ki canza komai.

Ɗanki,
Dogo

*

Litinin

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni lafiya, babanka ma da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, ya ɗan karkace, za ka ga dalili a cikin ambulan.

Na riƙe Asabar ta farko, na riƙe lokutan Lahadi duka biyun. Na yi mamakin makarantar da ke jarrabawa ranar Lahadi da yamma, amma na ce ni da ban wuce makarantar allo da ta islamiyya ba, me na sani game da tsarin jami'a.

Abin da ya dame ni hayaniya ce. Ka san shagon kallon ƙwallon da ke tsallaken titi. Duk sanda na zauna da carbi, sai su ma su fara. In kai tsakiyar addu'a sai ihu ya tashi har gilashin taga ya yi rawa, kuma ka tuna kunne ɗaya ne yake jin wannan. Ranar Laraba na ce bari in je in roƙi arziki. Na ɗauki takardarka na tsallaka, na samu Mai Talabijin yana share benci. Na ce, "Ɗan nan, ba hana ka sana'a zan yi ba. Ɗana yana jarrabawa a waɗannan lokutan, ina yi masa addu'a. Ko za ka rage min ƙarar lasifika a cikinsu kawai?"

Ya karɓa ya duba. Sai ya yi dariya ya ce, "Mama, ai wannan jadawalina ne kika kwafo." Ya nuna min baƙin allon da ke jingine a ƙofa, an rubuta da alli. Na gyara tabarau na karanta. Asabar huɗu da rabi. Lahadi biyar. Asabar ta sama uku da rabi, har an ja mata layi biyu a ƙasa. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce in zauna, na ce a'a. Ya nuna min wata 'yar rumfa a gefe, inda samari ke layi suna karɓar doguwar takarda kamar rasit ɗin kanti, ya ce yanzu ma ba sai an zo rumfa ba, a waya ake yi. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Ɗan naki yana sakawa da yawa ne?"

Ni kaina ban sani ba. Kuma ban yanke maka hukunci ba, ina tsoron zato. Yana yiwuwa lokutan sun haɗu ne kawai, Allah mai iko ne. Shi ya sa nake tambayarka kai tsaye: abin da nake rufe keke ina zama dominsa, jarrabawa ce ko cacar ƙwallo? Kuma tabaran nan, da wane kuɗi aka saye shi? Ga shi nan na naɗe a ƙyalle. Ba zan iya duba Littafi da shi ba sai na ji daga bakinka.

Gwaggo

*

Asabar

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Wasiƙarki ta yi mako uku a hanya, injin motar Direba ne ya buga, ya bar ta a gareji da ambulan ɗin a ciki. Duk kwanakin nan ina zaton kina zaune a inda na ce.

Na buɗe ambulan a gaban 'yan ɗakinmu ina murna, sai tabarau ya faɗo a cinyata. "Ba zan iya duba Littafi da shi ba." Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Wato abin da ya fito daga hannuna ya zama ƙazanta ke nan. Abu na farko da na taɓa saya miki a rayuwata. Da ma cewa kika yi kada in ƙara kiranki Gwaggo, da ya fi sauƙi.

Ban taɓa ce miki jarrabawa ba ce, ki duba takarduna. Ke kika faɗa, ni kuma na yi shiru. Wannan na amsa laifinsa.

Amma ki daina cewa caca. Caca ita ce ta masu karta a bayan tasha, su rufe ido su ja. Ni karatu nake yi. Na san ɗan bayan da gwiwarsa ba ta warke ba, na san ƙungiyar da ba ta iya wasa in ta bar gida, na san alƙalin wasan da hannunsa ke saurin shiga aljihu ya zaro kati. Ina da littafi guda cike da wannan.

Bari in gaya miki yadda aka fara, tunda ba ki tambaya ba. Mu shida ne a ɗaki. Shekarar farko gadon sama aka ba ni, kuma sunana ke nan, "Na Sama". "Na Sama, kashe fitila." "Na Sama, miƙo caja." Su suna da takalma, suna da masu kiransu a waya, ni ina da riguna uku da kika ɗinka min. Wata Asabar suna gardama a ƙasa, na leƙo na ce wasan nan canjaras za a tashi. Suka yi min dariya. Aka tashi canjaras. Mako na gaba suka ɗago kai suka tambaye ni. Yau a benenmu gaba ɗaya Farfesa ake ce min. Gwaggo, shekara uku da rabi ina zama a ajin mutum ɗari huɗu, ba malami ɗaya da ya san fuskata. A ɗakin nan in na buɗe baki, shiru ake yi.

Kuma ba ma kuɗin ba ne, ko ki yarda ko kada ki yarda. Daga busa usur zuwa tashi, minti casa'in ɗin nan, ba na tuna ƙafar Baba, ba na tuna waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce suna nan bakin ƙofar makaranta suna sayar da caja. Jikina duk a farke yake. In an tashi sai komai ya koma toka, in fara jiran wata Asabar.

Ba ki roƙi haram ba. Nasara kika roƙa wa ɗanki, aka ba shi. Don Allah kada Baba ya ji, kin san hawan jininsa.

Dogo

*

Talata

Dogona,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da kake lafiya. Kwanakin da ba amsa, kullum sai na leƙa ko motar Direba ta dawo, har matarsa ta fara ba ni kujera.

Ka karanta layina da zafin rai, shi ya sa ka ga abin da ban rubuta ba. Na ce "sai na ji daga bakinka", ka tsallake wannan. Hannunka ba ƙazanta ba ne. Hannun da na wanke shekara huɗu da ka zauna a ɗakina, na koya masa riƙe alƙalami, yaya zan ƙyamace shi? Kuɗin ne ba zan iya ba. Ka ajiye tabaran. Ranar da ka sayi wani da guminka, ko na roba ne, zan sa shi in zaga unguwa.

Ka ce ba caca ba ce don kana da littafi. Dogo, ni ba mai gardama ba ce, amma ka sa kuɗi, ka jira abin da ba hannunka a ciki, ko ka ci na wasu ko a ci naka. Malamarmu ba ta koya mana wani suna ga wannan ba. In ilimi ne, me ya kawo carbina ciki? Me ya sa sai na zauna a wuri kaza, kada in canza komai?

Maganar Na Sama ta taɓa ni. Ban san haka ka zauna ba, kullum "lafiya lau" kake rubutowa, ni kuma ban tona ba. Nan ma da laifina, kamar yadda ban tambayi abin da nake roƙa ba na ɗaga hannu. Na yi istigfari, ina kan yi. Amma waɗanda ke ce maka Farfesa, ka lura ko suna faɗa ranar da hasashenka ya faɗi.

Akwai abin da zan gaya maka. Na yi ta juya shi, na ga ba daidai ba ne in yi abu da sunanka in ɓoye maka. Tun ranar da na ga allon nan ban ƙara zama a lokutanka ba, sai sau ɗaya. Asabar ta ƙarshe a jerinka, wadda ka ce in ba ta ƙarfi. Da uku da rabi ta yi, ihu ya fara a tsallake, na kasa ɗinki. Na ɗauki carbi na zauna, na roƙi Allah ya rufe maka wannan ƙofar, ya sa abin ya yi maka ɗaci har ka tofar. Da kuka na roƙa. In ka ji haushi, ka ji, amma ba zan yi maka ƙarya ba.

Yanzu ka aiko min da ranakun jarrabawarka ta gaskiya, da sunan kowane darasi. Babanka ban gaya masa ba. Ya zo jiya, ya tambayi tabarau, na ce na mayar maka, akwai abin da bai yi daidai ba a cikinsa. Ban yi ƙarya ba, amma na ji nauyin maganar har yamma. Zan riƙe bakina har ka gama, in har ka tsaya.

Taka,
Gwaggo

*

Juma'a

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau. Direba yana jira a waje, don haka da sauri nake rubutu.

Da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a ƙasa. Kin san abin da ya faru a Asabar ɗin nan? Wasa goma sha biyu na jera a tikiti ɗaya. Goma sha ɗaya suka shigo, ɗaya bayan ɗaya, yadda na rubuta. Ɗakinmu ya cika har baranda, ana ta jijjiga ni. Na sha biyun muna gaba har minti casa'in ya cika. Aka ƙara uku. A na ukun ƙwallo ta bugi turke, ta dawo ta bugi bayan mai tsaron gida, ta gangara ciki a hankali kamar mai jin kunya. Na kalli wannan ƙwallon ya fi sau ɗari a waya. Na ce wannan ba wasa ba ne, hannu ne. Ashe hannunki ne.

Ban ji haushi ba, wallahi. Daɗi ma na ji. Ina ta zargin lissafina, ashe lissafina daidai yake. Kin ce a buɗe, aka buɗe. Kin ce a rufe, aka rufe, a minti na casa'in da uku. Wace shaida kuma ake nema?

Ga inda matsalar take. Don in cika tikitin nan na sayar da kwamfutata, kuma aikin binciken kammalawa yana cikinta, babi huɗu. Na ɗauka zuwa Litinin zan karɓo ta. Jarrabawar da kike tambaya kuma, babbar an yi ta ranar Talatar da ta biyo baya, ƙarfe tara na safe. Na yi wanka na je har bakin zaure. Na ji ana bitar wasu abubuwa a layi, ko takensu ban taɓa ji ba. Na tsaya har aka rufe ƙofa, na juya.

Kada ki firgita. Sashenmu ya ce akwai zama na biyu nan da mako shida, in na zauna kuma na miƙa binciken, zan fita tare da kowa. In ban yi ba, shi ke nan, sun sallame ni. Wanda ya sayi kwamfutar ya ce zai dawo min da ita in na kawo kuɗinsa kafin ƙarshen wata.

Don haka sau ɗaya nake roƙo, Gwaggo. Asabar ta sama, huɗu da rabi. Wasa biyar kacal, waɗanda na sani kamar tafin hannuna. Ba don caca ba, don karatun da kike so in gama. Ke kika rufe, ke za ki buɗe. Daga nan na rantse na bari.

Ɗanki,
Dogo

*

Lahadi

Dogo,

Assalamu alaikum. Jikina lafiya. Zuciya ce dai.

Na je na duba littafin da nake rubuta awon mutane, don in san inda nake ranar Talatar nan da ƙarfe tara. Ina nan a kan keke, ina gardama da wata mata a kan tsawon siket ɗin 'yarta. Kana tsaye a bakin zaure kai kaɗai, ni ina cewa a ƙara inci biyu. Lokuta shida ka rubuto min, har da minti goma na share fage. Wannan ɗayan, wanda da na sani da ko ruwa ba zan sha ba sai ka fito, shi ne ba ka rubuta ba.

Na yi nadamar gaya maka abin da na roƙa. Na ɗauka gaskiya za ta farkar da kai, sai ga shi ka ɗauke ta ka ƙara a littafinka. Jiya na sake tsallaka titi, ni da kafin maganar nan ban taɓa taka shagon nan ba a shekara tara. Na tambayi Mai Talabijin ko ya tuna ƙwallon da ta bugi turke. Ya ce, "Mama, wa zai manta? Ranar sai da na share takardu cike da bokiti, wani ma ya fasa min benci." Na ce mutum nawa ta kayar? Ya ce a shagonsa kaɗai sun fi talatin, wasu kuma ita ta tashe su suka yi ta rawa. To su talatin ɗin, wace gwaggo ce ta rufe musu? Masu rawar, wa ya buɗe musu? Ni baiwar Allah ce mai kunne ɗaya, ina roƙo kamar kowa. Ba ni da makulli. Ka ji tsoron Allah ka daina ɗora min abin da ba nawa ba.

Ba zan zauna ranar Asabar ba. Ko da na san za ka ci, ba zan zauna ba, don wanda ya ci shi ne ba ya tashi.

Ga abin da nake gani, in za ka ji. Ka je wurin shugaban sashenku ka faɗa masa gaskiya duka, kunyar minti goma ce. Ka roƙi wanda ya sayi kwamfutar ya bar ka ka kwashe babi huɗun nan kawai, ba zai rasa komai ba. Ɗakin karatu yana da kwamfutoci, kai ka taɓa gaya min. Ka ba wani amintacce wayarka ya riƙe maka mako shida. Ka sauka daga benen da ake ce maka Farfesa, ko a masallacin makaranta ka riƙa yini.

Addu'a ba zan daina yi maka ba har in mutu. Amma daga yau ba za ka ƙara sanin rana ko sa'ar da nake yi ba, kuma ba zan ƙara rubuta maka abin da na roƙa ba. In ka sake neman lokaci a wurina, ta kowace hanya, zan san ba ka tsaya ba, kuma zan je wurin babanka. Ba barazana ba ce. Ina faɗa ne don kada ka ce na ci amanarka.

Gwaggo

*

Laraba

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fata ke ma haka. Ki gaida Baba.

Na ji duk abin da kika ce, kuma gaskiyarki ce. Na goge manhajar cacar daga wayata. Na samu babi uku daga wurin mutumin, na huɗun ya ce ya riga ya share, zan sake rubutawa. Shugaban sashe bai shigo ofis ba makon nan, amma ina nan ina dubawa. Ina zuwa ɗakin karatu kullum daga safe har la'asar. 'Yan ɗakinmu suna ta tsiya wai Farfesa ya tuba, na ce su yi ta yi.

Ki yafe min. Ki ci gaba da sa ni a addu'a yadda kika ce, ba sai na san komai ba.

Ɗanki,
Dogo

Af, na manta. Ba don komai ba, don dai hankalina ya kwanta in san ana tuna ni: addu'ar nan da kike yi a ɓoye, ta safe ce ko ta yamma? Kuma ranakun ƙarshen mako ma kina yi? Kalma ɗaya ta isa.

*

Asabar

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina lafiya.

Na karanta wasiƙarka har inda ka sa hannu, na yi hamdala, na tashi na ɗora ruwan shayi don murna. Da na dawo zan ninke ta ne na ga layukan ƙasa.

Na so in ce ban gan su ba. Idona ba shi da ƙarfi, rubutun ƙanana ne, ba wanda zai zarge ni. Na zauna da wannan tunanin tun jiya. Amma na gan su.

Ba zan amsa tambayarka ba. Na tambayi Direba yadda ya same ka, ban ce ya yi min leƙen asiri ba, tambaya ɗaya na yi. Ya sunkuyar da kai ya ce a baranda ya same ka da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, samari sun kewaye ka, kana yi musu bayani da biro a kan wata doguwar takarda, wayar wani a hannunka.

Saura mako uku zama na biyu. Ni na kasa, kuma rufin asirin da nake yi maka ya zama abin da kake fakewa a ciki. Yau babanka yana aikin rana. In na ba Direba wannan takardar, zan sa hijabi in hau mota zuwa ƙofar ma'ajiyar da yake gadi. Zan tafi da maganin hawan jininsa a jaka, in sa ya sha a gabana, in jira ya zauna. Sannan in fara da nawa laifin, kafin in zo kan naka.

Ka gyara gadonka. Ina jin jibi za ka gan shi.

Gwaggo